Ƙeyar Malam Manu

Duk wanda ya yi firamare a Gagarawa Tasha cikin shekaru talatin da suka wuce, in ka ce masa Malam Manu sai ya ɗan yi jim. Amma ka ce masa Malam Kora-ƙuda, nan take zai yi dariya, ya kai hannu bayansa ya fara kaɗawa. Da wannan sunan aka san shi daga Gumel har Maigatari, kuma shi kansa ya daɗe da daina jin haushi. Abin da bai daina ba shi ne tambayar kansa inda kuskuren yake.

A wata ruga yamma da Sule Tankarkar aka haife shi. Da aka ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya a kai boko, babansa bai yi dogon tunani ba, domin Manu ne wanda shanu suka fi ɓace wa. Shi dai har yau yana cewa ba sakaci ba ne. Tsayawa yake yana sauraron yadda kukan maraƙi ke hawa kan na uwarsa, na bijimi kuma yana can ƙasa ya tallafe su, kafin ya farga rabin garken ya shiga gonar mutane.

Boko ya karɓe shi. Ya gama firamare, aka tura shi wata kwalejin horar da malamai can Filato, kuma a nan ya gamu da Dogo.

Dogo Bajamushe ne. Sunansa na yanka Otmar Brenneke, amma harshen ɗalibai ya ƙi ɗauka, ga shi kuma sai ya sunkuya yake shiga aji, sai aka huta da wahala. Aikinsa na ainihi a coci yake. Shi ke kaɗa musu babbar piyanon nan mai bututu, shi ne kuma shugaban mawaƙansu. Gado ya yi, don ya ce ubansa ma abin da ya yi ke nan a wani ƙauye har ya mutu, shi kuma tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake hawa kujerar uban in ciwon ƙafa ya tashi. Kwana biyu a mako yake zuwa kwaleji koyar da waƙa. Manu bai taɓa shiga cocin ba, Dogo kuma bai taɓa ce masa ya shiga ba. Amma ranar Asabar da yamma, in suna gwaji, akwai wani mangwaro a bayan taga da Manu ke jingina da shi da littafi a buɗe, shafi ɗaya har magariba.

A wurin Dogo ya fara jin mutum arba'in suna waƙa ɗaya da murya huɗu, kowacce tana bin hanyarta, ba mai ba da waƙa ba 'yan amshi, kowa kuma ya tashi lokaci guda. Sauran ɗalibai abin ya ɗaure musu kai, suka ce wannan ai rigima ce aka yi wa ado. Manu kuwa ya ce ya san abin tun yana ƙarami: ga maraƙi, ga karsana, ga saniya, ga bijimi. Dogo ya sa aka fassara masa, ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce daga yau haka za a riƙa kiransu.

Shekara uku yana tsaye a bayan Manu yana gyara masa hannu. Sauke kafaɗa. Hannun hagu ba na aro ba ne. Magana ɗaya kuma yake maimaitawa da guntuwar Hausarsa: “Idonka a kan mutanenka. Ka ɗauke ido, waƙa ta watse.” Ranar rabuwa ya ba shi wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, wanda in an buga shi a gwiwa aka kara a kunne yake ba da sautin da za a fara da shi. Da Manu ya kawo shi gida, innarsa ta ɗauka matsefata ce, har ta cire ƙaya da shi sau biyu.

Aikinsa na farko a cikin garin Gumel ne. Ya tara yara arba'in, ya raba su garke huɗu, ya tsara musu waƙar da shi da kansa ya yi, ta masu jan ruwa a rijiya, inda wasu ke cewa guga ya tafi, wasu na cewa guga ya dawo, bijimai kuma na riƙe da igiya a ƙasa. Wata biyar suna gwaji. Wahalar farko ita ce in ya ɗaga hannu ya sauke ba wanda ke buɗe baki, kowa na jira Malam ya ba da waƙa su amsa, don ina aka taɓa jin yaro ya riga babba? Da kyar ya raba su da wannan.

Sai ranar raba kyaututtuka ta zo. An kafa rumfa, an gayyato hakimi da manyan gari da jami'an ilimi, an jera musu kujeru a gaba. Manu ya fito da farar riga, ya russuna ya gai da manya, sannan ya yi abin da ya ga Dogo yana yi kowace Asabar: ya juya ya fuskanci yaransa.

Waƙar ta fita. Har yau in ya rufe ido yana jin ta. Murya huɗun nan suka tashi tare, suka rabu, suka sake haɗuwa a ƙarshe kamar shanu a bakin mashaya. Ya sauke hannu, ya juyo yana jiran tafi, sai ya tarar da wurin tsit. Hedimasta ya sunkuyar da kai. Wani tsoho daga cikin masu rakiyar hakimi yana ta girgiza kai yana salati a hankali. Minti shida cur malamin makaranta ya ba wa hakimi ƙeya a bainar jama'a, yana kuma ɗaga hannuwa sama kamar mai kiran kaji.

Ba wanda ya yi masa faɗa a wurin. Bayan mako biyu dai takarda ta zo, an mai da shi Gagarawa Tasha. Wannan bai dame shi ba kamar zuwan babansa. Tsohon ya tako tun daga ruga, ya ƙi shan ruwa, ya zauna a ƙofar ɗaki ya ce labari ya iske shi a kasuwar shanu ta Maigatari, a bakin mutanen da bai ma sani ba.

“Manu,” in ji shi, “ko saniya ba ta juya wa mai ita baya sai in harbi za ta yi. Mu ba mu da gini, ba mu da sarauta. Kunya kaɗai muka gada. Kada in sake ji.”

Bai sake ji ba, har ya koma ga Allah. Amma daga ranar Manu ya shiga ruɗanin da bai fita ba. Dogo ya ce kada ka ɗauke ido daga mutanenka. Baffa, wato babansa, ya ce kada ka juya wa manya baya. Dukansu ba su taɓa yi masa ƙarya ba, shi kuwa fuska ɗaya Allah ya ba shi.

A aji komai lafiya. Ba manya, ba kujeru, ya fuskanci yaransa, waƙa ta fita sumul. Amma waƙar da ba a ji a taro ba, wa zai shaida an yi ta? In taro ya zo sai ya tsaya yana fuskantar manya, yara na bayansa, ya zagaya da hannun dama ta baya yana kaɗawa a wajen ƙugu. Layin gaba kaɗai ke ganin hannun. Kafin a kai baiti na biyu karsana ta bi maraƙi, saniya ta bi karsana, bijimai su ga an bar su su kaɗai su ma su bi sahu, a ƙare da murya ɗaya kamar kowace makaranta. Manya su yi tafi, su ce yara sun yi ƙoƙari, amma a nema wa Malam maganin ƙudan nan da ke damunsa. Daga nan sunan ya fito.

Ya gwada tsayuwa a kaikaice, sai aka ce yana hararar baƙi ta gefen ido. Wata shekara ya ɗaura madubin babur a jikin sanda ya kafa a gabansa, don ya riƙa ganin yaran ba tare da ya juya ba. A cikin madubi dama ta koma hagu, ya nuna bijimai maruƙa suka shigo, abin ya fi na kullum lalacewa. Matarsa Rabi'atu, wadda ba ta taɓa zuwa taron ba amma take jin labari kafin ya iso gida, ta ce masa shi kam ta rasa gane ko waƙa yake koyarwa ko tuƙi.

Dogo ya koma ƙasarsu bayan shekara tara a Nijeriya. Ya kama aiki a cocin wani ƙaramin gari, ya riƙe mawaƙansu shekara ashirin da shida har ya yi ritaya. Duk ƙarshen shekara yakan aiko da wasiƙa, da hoton mawaƙansa sun jeru cikin baƙaƙen kaya, kuma kullum da tambaya ɗaya a ƙarshe: yaya ƙungiyarka? Manu kuma ya ba da amsar da duk ɗan mutunci zai ba babba in ya tambaye shi gida: ƙungiya tana nan lafiya lau. Bai ɗauke ta ƙarya ba. Gaisuwa ce. Ai ba ka tare malaminka da kuka daga nesa. Sai a hankali ya lura Bature ba ya jin ta a gaisuwa, domin wasiƙa ta gaba sai ta zo da murna, wai ya gaya wa mawaƙansa akwai ɗalibinsa a bakin iyakar Nijar da ke tsayar da murya huɗu a gaban sarakuna. Manu ya karanta wannan sau uku, ya rasa a wace wasiƙa ya faɗi haka. Ya so ya gyara, amma ta ina zai fara? Sai ya sake rubuta lafiya lau.

Ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, ya koma kiwon tumaki biyar da sauraron rediyo. Yana ganin magana ta mutu. Sai bara, bayan an gama girbin gero, saƙo ya shigo wayar 'yarsa Ikhlas, wadda ke koyarwa a sakandare a Gumel. Daga 'yar Dogo ne. Ta ce tsohon zai cika tamanin da biyar, ƙafa ta daina ɗaukarsa, ido ya yi rauni, amma kunne na nan garau. Tana tattara bidiyon tsofaffin ɗalibansa su yi masa waƙa. Ta ce sunan Manu ya fara ambata, kuma ya roƙi a ɗauko masa ƙungiyar a gaban mutanen gari, yadda ya daɗe yana kwatantawa a ransa.

Manu ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Ikhlas ta ce a ɗauka a aji kawai, wa zai sani? Ya ce a gaban mutanen gari aka ce. Ta ce to ya juya mana, zamani ya canza, yanzu wa ke kula da ƙeya? Ya dube ta kamar ta yi wani yare. Rabi'atu ta ce ya rubuta ya faɗi gaskiya ya huta. Ya ce mutumin da ke kan gado ne za a aika wa cewa shekara talatin da biyar ana yi masa gaisuwa yana ɗauka rahoto ne?

Ƙarshe dai ya aika a kira masa tsofaffin ɗalibansa. Mutum ashirin da biyu suka amsa. Akwai Hadiyya, ma'aikaciyar jinya a Gumel, wadda a zamaninta ita ce kan maruƙa. Akwai Sajo, direban babbar mota a Maigatari, bijimin da ba a taɓa yin kamarsa ba, wanda ya iso yana tambaya ko an tanadi maganin ƙuda. Asabar huɗu suna gwaji a tsohon ajinsu, manya da su sun takure a bencin yara. Abin mamaki, waƙar rijiya na nan a bakinsu, ba abin da ya zube.

Aka sa ranar ɗauka, Asabar da hantsi, a filin makaranta. Manu ya so a gayyato mutane kaɗan, iyaye mata da 'yan kasuwar tasha, waɗanda in ya ɗan karkace ba za a kai maganar ko'ina ba. Amma labari ya bazu cewa za a nuna garin a Jamus. Kafin ƙarfe goma an jera kujeru sahu biyar, ga limamai, ga dattawa, ga dagaci Abduljabbar da rawaninsa a tsakiya.

Shi Abduljabbar ɗin nan ɗalibinsa ne. A layin saniya yake tsayawa, kuma ya sha ranƙwashi a ka saboda saurin shiga. Amma wancan Abduljabbar ne, wannan kuwa dagaci. Manu ya fito, ya russuna, ya miƙe, ya tsaya yana fuskantar kujeru. Ya ji hannunsa na dama ya kama hanyar ƙugu da kansa. A bayansa ya ji Sajo ya yi ƙasa da murya ya ce wa na kusa da shi, shi ke nan, ƙuda sun iso.

Dagaci ya ɗaga hannu ya ce Malam ya juya abinsa, ya yafe, shi ma ya san yadda abin yake. Manu ya ce Allah ya ja zamanin dagaci, ya gode. Bai motsa ba. Dagaci ya sake faɗa. Wani dattijo ya ce ai umarni ne, Malam, ƙin bi ma rashin ladabi ne. Nan kan Manu ya ƙara kullewa: in ya juya ya saɓa wa Baffa, in bai juya ba ya saɓa wa dagaci, in waƙa ta watse ya kunyata a gaban Dogo. Ya ɗan karkata kafaɗa ɗaya, ƙafafun suka ƙi bi. Ya tsaya a haka, rabi nan rabi can, gumi na bin wuyansa.

Sai dagaci ya miƙe. Ya tattara babbar rigarsa, ya ratsa fili, ya wuce Manu, ya shiga cikin mawaƙa, ya dafa kafaɗar wani mai gyaran babur.

“Matsa, nan ne wurina. Malam, a ba mu sauti.”

To, dagaci na tsaye wa zai zauna? Dattawa suka miƙe. Kuma ba a tsayawa nesa da shi, sai suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suka jeru a bayan mawaƙa. Limamai suka bi dattawa, sauran jama'a suka ga kowa ya tafi can, suka ɗauka haka tsarin yake. Cikin minti biyu kujeru sahu biyar suka zama wayam, garin gaba ɗaya ya koma gefe guda. Manu ya waiga hagu, ya waiga dama. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka ƙarasa juyawa ba. Ga mawaƙansa, ga dagaci, ga dattawa, duk a gabansa, ba wanda ya ba wa ƙeya.

Ya buga ƙarfen a gwiwa, ya kara a kunne, ya ba kowane garke sautinsa. Ya ɗaga hannu biyu, ya sauke.

Guga ya tafi, guga ya dawo. Hadiyya ta ɗauki maruƙa ta yi sama da su, Sajo ya riƙe igiya a ƙasa har ana ji a ƙirji, dagaci kuwa ya so ya yi saurin shiga a baiti na biyu, Manu ya zare masa ido kamar shekara talatin baya, ya koma layi. Murya huɗu har ƙarshe. Da aka gama ba a yi tafi nan da nan ba, don masu tafin duk suna cikin sahu, ba su tabbatar ko su ma mawaƙa ba ne.

Sai da aka watse, ana ɗebe kujeru, Ikhlas ta kawo masa wayar ya gani. Ya karɓa yana murmushi, murmushin ya tsaya. Ita tana can inda aka ce ta tsaya tun farko, a bayan kujeru. Abin da ke cikin bidiyon shi ne kujeru ba kowa, can gaba taron mutane, a tsakiya kuma, daga farko har ƙarshe, ƙeyar Malam Manu da bayan rigarsa jiƙe da gumi. Wayar nan ita ce idon Dogo. Duk garin ya tsira, malaminsa kaɗai ya juya wa baya, minti shida cur.

Ya ce kada a aika. Ikhlas ta ce ai tun ana gaisawa ta tura.

Kwana uku yana tsara wasiƙar ban haƙuri a ransa. Rana ta huɗu saƙon murya ya zo daga 'yar Dogo, Ikhlas ta kunna masa a tsakar gida, Rabi'atu na tankaɗe a gefe. 'Yar Dogo ta ce tsohon ya sa an maimaita masa bidiyon sau bakwai, hannunsa na kaɗawa a kan bargo. Ta ce fuskokin ba ya iya rarrabe su, amma hoton na fitowa ya ce wannan bayan Manu ne, shekara uku yana tsaye yana kallonsa, ko a cikin dubu zai gane shi. Ya ce a gaya wa Manu har yanzu kafaɗar na sama, hannun hagu kuma har yanzu na aro ne, amma murya huɗu ne, ya ƙirga. Sannan yana da tambaya ɗaya da ta dame shi: me ya sa kujeru ba kowa? Mutanen garin ba su zo ba ne?

Manu ya sa aka sake kunnawa. Ya tambayi Rabi'atu, a ganinta wannan maganar bayan, yafiya ce ko kuwa gori ne irin na manya? Ta ce ita ba ta san Bature ba, amma mutumin da ya gane ka ta ƙeya ba baƙonka ba ne, ya tashi ya ci tuwo.

Bai tashi ba. Ya ɗauko takarda da biro, don shi har yanzu bai yarda da saƙon waya ba a maganar manya. Yana so ya bayyana zancen kujerun, amma in ya fara daga dagaci sai ya koma ga Baffa, in ya koma ga Baffa sai ya kai ga hakimi, da madubin babur, da wasiƙu talatin da biyar. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya rubuta gaisuwa, ya rubuta cewa ƙungiya tana nan lafiya lau. Ya tsaya ya karanta layin, ya sake karantawa, bai ga abin gogewa ba. A ƙasa ya ƙara cewa mutanen gari sun zo, dukansu, sai dai bayanin inda suka tsaya yana da tsawo, kuma shi kansa bai gama gane shi ba.